Keken Ɗinki Sittin da Biyu

Babu wanda ya laƙaba masa suna Tsohon Hannu. Shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta maimaitawa har mutanen unguwa suka gaji suka bi shi a haka. Aikinsa kula da sito a Hukumar Koyar da Sana'o'in Hannu, shekara goma sha tara a kan kujera ɗaya, da tarin makullai a ƙugu, da biro uku a aljihun gaba waɗanda biyu daga cikinsu ba sa rubutu. In ka zauna kusa da shi na minti goma, sai ka rantse shi ne ke tallafe da gwamnati don kada ta kife.

"'Yan odita?" yakan ce yana kaɗa ƙafa. "Na ga zuwan guda takwas, na ga tafiyarsu. Kafin mutum ya buɗe fayil na riga na san shafin da zai tsaya."

To, bana dai odita ya tsaya a shafin da Tsohon Hannu bai zata ba. Rahoton babban mai binciken kuɗin gwamnati ya fito, ya ce hukumar ta karɓi kuɗin keken ɗinki sittin, amma da aka leƙa sito sha ɗaya aka tarar. Kwamitin majalisa mai bin diddigin kuɗin jama'a ya kira Daraktan hukumar. Darakta ya je da sabuwar riga, ya rantse a gaban 'yan jarida cewa kekunan suna nan cif, odita ne ya zo da gaggawa bai shiga ɗaki na biyu ba. Shugaban kwamiti ya ce madalla, ranar Alhamis da ƙarfe goma za su zo su gani da idonsu.

A faɗi gaskiya, kuɗin kekuna arba'in da tara ɗin nan Tsohon Hannu ko ƙamshinsu bai ji ba. Abin da ya sani, an kawo masa takarda ya sa hannu cewa sittin sun shiga sito, aka ce sauran suna hanya, aka ba shi lemo mai sanyi. Mai hankali da sai ya lafe a sito ya yi shiru. Shi kuwa ranar Litinin da safe ya shiga ofishin Darakta ba a kira shi ba. Ya tarar da shi ya cire hula ya ɗora a kan fayil, shayi ya huce a gabansa.

"Yallaɓai, na ji an ce baƙi za mu yi."

"Baƙi ko masifa. Keke arba'in da tara nake nema kafin Alhamis, asusun hukuma kuwa ko kuɗin zare babu."

"Arba'in da tara kawai?"

Darakta ya ɗago ya dube shi.

"Ranka ya daɗe, ɗan majalisa ba keke yake ƙirgawa ba, lamba yake ƙirgawa. Ka bar mini zauren koyarwa guda biyu, da gwangwanin fenti, da 'yan dako huɗu. Sauran aikina ne."

Darakta ya jima yana kallonsa, irin kallon da mai ciwon haƙori ke yi wa duk wanda ya ce yana da magani.

"Takardar ƙarin girmanka shekara nawa ta yi a kwance?"

"Bakwai, yallaɓai, da wata uku."

"Ranar Juma'a za ta tashi. Amma ka sani, ni ban ji komai ba, ban ga komai ba."

"Ai ko ni ban ga komai ba," in ji Tsohon Hannu, ya fita yana kaɗa makullai.

Ga dabarar. Kowane kayan gwamnati akwai lambar da ake rubuta masa da farin fenti. Zai aro keke ashirin a unguwa ya haɗa da sha ɗayan hukuma, su zama talatin da ɗaya. A gefen teburin kowane keke ta gaba zai rubuta lamba ɗaya zuwa talatin da ɗaya. Ta baya kuma, a kan guda ashirin da tara, zai rubuta talatin da biyu zuwa sittin. A jera su jikin bango a zaure na farko, 'yan majalisa su ƙirga. Yayin da suke ofishin Darakta suna cin kaza, 'yan dako su kwashe ashirin da taran nan ta ƙofar baya zuwa zaure na biyu, a juya su. Talatin da ɗaya da ashirin da tara, sittin ke nan. Ya yi lissafin sau uku a bayan ambulan, duk lokacin da ya fito daidai sai ya ji tausayin sauran mutane da Allah bai ba su irin kansa ba.

Ranar Talata ya bi telolin unguwa shago-shago, yana shelar cewa hukuma ta fito da shirin gyaran keke kyauta: a wanke, a sa mai, a canza bel, a dawo da shi ranar Alhamis kafin ƙarfe biyu. Kalmar kyauta ta yi aikinta. Tela Mai Tabarau kaɗai ya tsaya gardama, tsoho ne da ya shekara arba'in yana ɗinki a shago ɗaya.

"Gwamnatin da ta kasa gyara mana famfo shekara biyar, ita ce yau ta damu da bel ɗin kekena?"

"Baba, ba gwamnati ba ce, ni ne. Ni na matsa musu lamba a taro."

"To abin ya ƙara ba ni tsoro."

"Ka tsaya nan kana tsoro, maƙwabtanka su dawo da keke yana gudu kamar sabo."

Tsohon ya leƙa ya ga har an fara loda na shagon kusa a mota. Ya cire tabarau ya goge, ya ce a ɗauka, amma in aka taɓa masa ko ƙusa ɗaya sai an ji kansu. Zuwa yamma Tsohon Hannu ya tara sha tara. Saura ɗaya, kuma ya san inda yake.

Yana cikin ɗakinsa, gefen taga. Matarsa, wadda unguwa ke kira Mai Ɗinki, tana kai tun safe. Albashin Tsohon Hannu ba ya wuce goma ga wata, daga nan har ƙarshen wata keken nan ne ke ɗora tukunya, shi ke biyan kuɗin makarantar yara uku, ko da yake ba za ka taɓa jin haka daga bakin maigidan ba. Wannan makon kuma ba kamar kowane ba ne. Karo na farko wata makaranta ta ba ta ɗinkin kayan ɗalibai, saiti talatin da huɗu, a kai ranar Litinin. In ta cika alkawari aikin ya zama nata duk shekara. In ta saɓa, akwai teloli uku da ke jira.

"Maman yara, albishirinki. Gyaran keke kyauta."

Ba ta daina taka keken ba. "Wanda ka gaya wa su Baba Mai Tabarau? Kekena lafiyarsa ƙalau. Faɗi gaskiyar."

Ya rufe ƙofa ya faɗa mata, har da zana lambobi a iska da yatsa. Da ya gama ya tsaya jiran yabo.

"Kai ka ci kuɗin?"

"Ko sisi."

"To waɗanda suka ci su aro na matansu."

"Matansu ba sa ɗinki."

"Ai na sani. Shi ya sa nawa ba ya zuwa."

Ya roƙa, ya yi fushi, ya sake roƙo. Ya kawo maganar ƙarin girma, ya ce da albashin farko zai saya mata na lantarki. Ta ce na lantarkin da ya saya mata a baki shekara huɗu da suka wuce har yanzu bai lalace ba. Daga ƙarshe ya sauke murya, ya tuna mata sa hannunsa ne a kan takardar, in kwamiti ya tarar da sha ɗaya shi za a fara kamawa. Nan ne ƙafarta ta tsaya. Ta daɗe tana kallon tulin yadin da ke kan gado.

"Ranar Alhamis da safe za ka ɗauka, ba Laraba ba. Ƙarfe biyu ya dawo. Kuma kada a yi ta jansa a ƙasa."

"Lamba talatin da ɗaya zan ba shi. Yana cikin biyun da ba za a motsa ba. Inda na ajiye shi nan zan ɗauko shi."

Fentin da aka ba shi na mai ne, mai kwana biyu kafin ya bushe. Mai sayarwa ya rubuta haka a jikin gwangwani, amma Tsohon Hannu ba ya karanta abin da ya riga ya sani. Ya yi rubutun ranar Laraba da yamma, na matarsa kuma ranar Alhamis da safe. Sannan ya tara 'yan dakon nan huɗu, ya yi ciniki da babbansu, wani ƙato mai guntun wando, cewa za a biya su a kan kowane keken da suka ɗauka.

"Da na yi tari sau biyu a bakin ƙofa, ku fara kwasa. Kun gane?"

"Mun gane, oga. Kowane keke da kuɗinsa."

"Ashirin da tara."

"Kowane keke da kuɗinsa," ƙaton ya sake cewa, yana kallon layin kekunan da sha'awa.

Ƙarfe goma ta yi, babu kwamiti. Sha biyu ta yi, kaza ta huce, aka mayar da ita wuta. Ƙarfe ɗaya Darakta ya aika a tambaya, aka ce suna hanya, sun ɗan tsaya duba wata gada. Shekara goma sha tara yana aikin gwamnati, amma Tsohon Hannu ya gina dabararsa kacokan a kan cewa 'yan majalisa za su zo a kan lokaci. Biyu da rabi motoci suka shigo da jiniya. A daidai lokacin kuma teloli suka fara taruwa a bakin get, kowa da tef a wuya, an zo karɓar keke.

Mutum bakwai suka sauko, da 'yan jarida da mai ɗaukar hoton talabijin. A gaba Shugaban kwamiti, cikin farar babbar riga da ta sha guga. A can baya akawun kwamiti, wata mata siririya mai littafi a hannu, wadda ba ta gaisa da kowa da yawa ba. Tsohon Hannu ya dube ta sau ɗaya ya yanke cewa ba ta da wata matsala.

A zaure na farko abin ya tafi kamar an shafa mai. Tsohon Hannu yana gaba yana kiran lamba da ƙarfi, akawu tana rubutawa.

"Talatin da ɗaya, ranka ya daɗe. Sauran suna zaure na biyu. Amma Darakta ya ce haramun ne ku wuce ba ku jiƙa maƙoshi ba."

"Waɗannan kekunan ba su yi kama da sababbi ba," in ji wani ɗan majalisa mai ƙaramar hula. "Wannan har da tsumma a ɗaure a wuyansa, cike da allurai."

Na Mai Ɗinki ne. Tsohon Hannu ko gezau.

"Onarabul, alamar ana amfani da su ke nan. Wasu hukumomin sai su saya su kulle. Mu nan dare da rana ɗalibai suna kai."

Shugaba ya gyaɗa kai, ya ce a ɗauke shi hoto. Ya jingina da wani keke, ya dafa shi, ya yi wa kyamara jawabi a kan amanar dukiyar talakawa. Da ya juya zai fita, sai ga lamba goma sha bakwai kwance a bayan farar rigar nan, a juye, fari a kan fari amma tana ƙyalli, da baƙin man keke ya yi mata ado. Kowa ya gani. Babu wanda ya ga dalilin da zai sa ya zama shi ne mai faɗa.

Suna shiga ofishin Darakta, Tsohon Hannu ya tsaya bakin ƙofa ya yi tari sau biyu. Shiru. Ya sake yi da ƙarfi. Ya yi na uku har da dafa ƙirji, wani ɗan jarida ya miƙo masa ruwa. Ashe 'yan dako sun gaji da jira tun safe sun fita shan inuwa. Ya zagaya da gudu ya tattaro su, sai ga maigadi ya tare shi.

"Oga, mutanen nan na get sun ce in ba ka fito ba za su shigo."

Ya je. Teloli sha tara, a gabansu Tela Mai Tabarau, a gefe kuma Mai Ɗinki da buhun yadi a hannu.

"Uku saura," in ji tsohon. "Ina kekena?"

"Ana kan sa masa mai, Baba. Injiniyoyin ne ma suka zo da jiniya, ba ka gani ba?"

"Injiniya da babbar riga?"

"Manyan injiniyoyi ne."

"Ni mai gyaran da na sani hannunsa baƙi ne. Waɗannan bakinsu ne ke maiƙo, na hango ta taga."

Teloli suka kwashe da dariya. Tsohon Hannu ya roƙi minti ashirin, ya kauce wa idon matarsa, ya koma da sauri. A lungun baya ya tarar da ɗan majalisa mai ƙaramar hula yana neman banɗaki, ya tsaya yana kallon ƙato da keke a ka.

"Ina za a kai wannan?"

"Shan iska, Onarabul. In suka daɗe a ɗaki ɗaya tsatsa suke yi. Banɗaki na can hagu."

Ya raka shi har ƙofa, ya tsaya yana ba shi labarin tsatsa ta bayan ƙyaure har sai da 'yan dako suka gama. Wannan ya sa bai samu ya leƙa zaure na biyu ba kafin kwamiti ya fito yana sakace.

Aka buɗe zauren. Kekuna sun jeru jikin bango, lambobi suna kallon jama'a, ko da yake yatsun 'yan dako sun mayar da arba'in da ɗaya wani abu mai kama da tsani.

"Me ya sa duk suka ba mu baya?" in ji Shugaba. "Wurin taka ƙafa na jikin bango. Ta ina ɗalibi zai zauna?"

"Sabon tsari ne, ranka ya daɗe. In ba a darasi sai mu juya su, don kada masu shara su yi wasa da su. Ni na kawo tsarin."

"A rubuta wannan," in ji Shugaba. "Abin koyi ne."

Tsohon Hannu ya ji kansa ya ƙara girma. Ya shiga kiran lamba, murya har get. Hamsin da takwas, hamsin da tara, sittin. Ya juyo ya buɗe hannuwa. Darakta ya saki ajiyar zuciya, har wani ya fara tafi.

"Saura biyu," in ji akawu.

A ƙarshen layi, kusa da ƙofar baya, keke biyu na tsaye babu lamba. 'Yan dako da ake biya a kan kowane keke ba su ga hikimar barin kuɗin keke biyu a wancan ɗakin ba.

"Talatin da ɗaya a can, talatin da ɗaya a nan," in ji akawu, ba ta ɗaga murya ba. "Sittin da biyu, ranka ya daɗe."

Shugaba ya juya ga Darakta. "Majalisa ta amince da sittin. Da izinin wa ka sayi sittin da biyu? Daga wane aljihu?"

Darakta, wanda ya kwana uku yana shirya amsar kekunan da suka ɓata, bai tanadi ko kalma ɗaya ta waɗanda suka ƙaru ba.

"Gyara ce, ranka ya daɗe," in ji Tsohon Hannu. "Ɗan kwangila ya ga mun sayi da yawa, ya ƙara mana biyu."

Wataƙila da ta wuce a haka, don wasu har sun fara duba agogo. Amma akawu ta riga ta taka zuwa keke na ƙarshe. Ta taɓa tsumman allurai da ke wuyansa, ta duba littafinta, ta ce wa ƙato ya juya mata shi. Ƙato ya tambaya ko juyawa ma da kuɗinta, sannan ya juya. Lamba talatin da ɗaya ta fito, fentin ko bushewa bai yi ba. Aka juya na kusa, talatin. Aka juya hamsin da biyu, sai ga ashirin da ɗaya. Wani ɗan jarida ya ruga zaure na farko ya dawo yana dariya, ya ce babu komai a can sai sawun ƙafa.

A daidai nan maigadi ya sare, teloli suka shigo. Kowa ya nufi nasa yana kiran sunan Allah. Tela Mai Tabarau ya tsaya gaban kekensa yana karanta lambar da aka zabga masa gaba da baya.

"Shekara arba'in ina tare da keken nan, yau na ji ashe na gwamnati ne, har sau biyu. Bel ɗin ma ba a canza ba."

Sai a lokacin wani ya raɗa wa Shugaba maganar bayan rigarsa. Ya janyo ta ya duba. Abin da rahoton odita bai yi ba, fenti ya yi: ransa ya ɓaci da gaske.

"Darakta, wa ya shirya wannan?"

"Ranka ya daɗe, yadda ka gani haka na gani. Ni ban ji komai ba."

Shugaba ya dubi Tsohon Hannu sama da ƙasa, da biro ukunsa da gumin da ya jiƙa masa wuya. Ya kaɗa kai.

"Wannan bawan Allah ku ƙyale shi, aike ne kawai. Ku dube shi mana. Lamba gaba da baya, zaure biyu, lissafi ya fito daidai, wannan ba aikin ɗan sito ba ne. Akwai mai ƙwaƙwalwa a bayan abin nan, kuma sai mun zaƙulo shi."

Ƙofa ce aka buɗe masa har bango. Abin da ya rage kawai ya sunkuyar da kai ya yi kalar tausayi. Mai Ɗinki, daga cikin taro, ta kafe shi da ido tana girgiza kai a hankali, don ta san mijinta. Ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Amma a ce a gaban talabijin, a gaban telolin unguwarsu, dabarar da ya kwana yana saƙawa a ba wani?

"Ranka ya daɗe, a gyara maganar. Babu kowa a bayana."

"Me ka ce?"

"Ni na tsara, daga farko har ƙarshe. Darakta ko fenti bai san kalarsa ba. Kuma ba don waɗannan 'yan dakon masu haɗama ba, da yanzu kuna mota kuna yaba mini." Ya zaro ambulan daga aljihu ya nuna wa kyamara. "Ga lissafin nan da hannuna. A duba a gani ko akwai kuskure."

Akawu ta miƙa hannu ta karɓi ambulan ɗin, ta sa a cikin littafinta, ta ce ta gode. Darakta kuwa fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa bushara.

Shugaba ya ba da umarni nan take. A dakatar da ɗan sito. Duk keken da ke ɗauke da lambar gwamnati ya zama shaida, a kulle zauren, a manna takardar majalisa a ƙofa, kada a taɓa ko zare har sai kwamiti ya miƙa rahoto. Teloli suka yi caa. Aka ce kowa ya rubuto takardar koke, kwafi uku, da rasit ɗin sayen kekensa. Tela Mai Tabarau ya ce wanda ya sayar masa ya shekara talatin a kabari, ko a je a taso shi?

Mai Ɗinki ba ta shiga hayaniyar ba. Ta matsa kusa da akawu.

"Ranki ya daɗe, wancan mai tsumman nawa ne. Ina da aikin da zan kai Litinin. Yaushe rahoton zai fito?"

Akawu ta dube ta, ta dubi buhun yadin. Ta rage murya.

"'Yar'uwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Gobe majalisa za ta tafi hutu. In an dawo, rahoton shekara uku da suka wuce ne a gabanmu."

"To a bar ni in buɗe aljihun keken. Almakashina da allurai ba su da lamba."

Akawu ta juya baya kamar tana duba wani abu a littafi. Mai Ɗinki ta kwashe almakashi da zare da tef, ta kwance tsumman alluran daga wuyan keken. Aka fitar da kowa. Da yake makullin zauren na ƙugun Tsohon Hannu, shi aka sa ya rufe ƙofar da hannunsa, sannan ya miƙa.

A hanyar gida teloli sha tara suka raka shi da baki har ƙofa. Wani ya ce a kawo masa almakashi ma a sa musu mai, wani ya tambaya ko shi ma in an juya shi akwai wata lambar a baya. Ya so ya yi musu bayanin inda 'yan dako suka ɓata tsarin, amma babu mai saurare.

Ya shiga ɗaki yana jiran faɗa, har ya tanadi amsoshi. Faɗan bai zo ba. Mai Ɗinki ta zazzage buhu a kan gado ta ƙirga: saiti goma sha tara suka rage, ga Litinin saura kwana huɗu. Ta jawo kujerarta zuwa gefen taga, inda ƙafafun keken suka bar gurbi huɗu a leda, ta zura zare a allura ta fara ɗinkin hannu.

"Maman yara, ai gobe da safe zan je wurin wani da na sani a majalisa. Magana ɗaya zan yi masa."

Ba ta ɗago ba. Ya tsaya yana kallonta, sai ya lura ƙafarta ta dama tana motsi a ƙasa, gaba da baya, tana taka abin da babu. Ita ba ta ma san tana yi ba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Ya cire biro ukun daga aljihu ya ajiye, ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya ɗauki riga ɗaya da gwangwanin maɓallai.

"Ta ina ake farawa?" ya ce.

"Au, akwai abin da ba ka sani ba?" in ji ta, ta miƙa masa allura.